Françoise Barré-Sinoussi da Ƙwayar HIV: Tambayoyi da Amsoshi a Kan Aikin Shekara 40

Duk wanda ya taɓa zuwa gwajin jini don sanin matsayinsa, ko yake da wani nasa mai shan maganin ƙanjamau kullum, ya ci moriyar wani aiki da aka yi a birnin Faris a farkon shekarar 1983. Matar da hannunta ya yi wannan aikin sunanta Françoise Barré-Sinoussi. Gano ƙwayar HIV, wadda ke jawo ƙanjamau, makonni kawai ya ɗauke ta. Fahimtar yadda jikin ɗan Adam ke kokawa da ƙwayar kuwa shi ya cinye sauran shekarun aikinta, har ta yi ritaya ba a kai ƙarshensa ba.

Wace ce Françoise Barré-Sinoussi?

Bafaranshiya ce, an haife ta a Faris ranar 30 ga Yuli, 1947. Ta karanta kimiyyar halittu a jami'ar birnin, kuma tun tana ɗaliba zaman sauraron lacca kaɗai bai ishe ta ba. Ta yi ta neman ɗakin gwaje-gwajen da zai karɓe ta ko da ba albashi, har wani masani mai suna Jean-Claude Chermann ya ɗauke ta a matsayin 'yar sa-kai a Cibiyar Pasteur a farkon shekarun 1970. Ta kammala digirin digirgir a 1974, ta je Amurka ƙaro sani a cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasar, sannan ta dawo Pasteur. A can ta zauna har ƙarshen aikinta. A 1992 ta zama shugabar sashen da ke nazarin dangin ƙwayoyin da HIV ta fito daga cikinsu, a 2008 ta karɓi kyautar Nobel, a 2015 ta yi ritaya daga aikin ɗakin gwaji.

Likita ce, ko kuwa?

A'a. Ba ta duba marar lafiya, ba ta rubuta magani. Masaniyar bairos ce, wato wata irin ƙwayar cuta da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sai an jera ƙwayoyin HIV sama da 8,000 kafin su cika tsawon milimita ɗaya. Bairos ba ya iya hayayyafa da kansa, dole sai ya shiga cikin ƙwayar halittar wani mai rai ya mayar da ita masana'antarsa. Don haka aikin masanin bairos rabinsa reno ne: ya raya ƙwayoyin jini a cikin kwalba, ya ciyar da su, ya kiyaye musu zafin da ya dace, ya zuba musu abin da yake zargi, sannan ya yi ta awo yana jira. Sau da yawa jiran ba ya haifar da komai, a sake daga farko.

Me ya haɗa binciken ɓeraye da cutar ƙanjamau?

Wannan tambaya ce da nake so mai karatu ya tsaya a kanta, domin a nan sirrin saurin da aka yi a 1983 yake.

A ƙa'idar halitta, bayanin gado yana ajiye a cikin DNA, daga nan ake kwafo shi zuwa RNA, daga RNA a ƙera abin da jiki ke buƙata. A 1970 masana biyu a Amurka, Howard Temin da David Baltimore, kowannensu a nasa ɗakin, suka gano cewa akwai wasu bairos da ke bin hanyar a juye. Suna ɗauke da RNA, kuma suna da wani sinadari da ke kwafe shi ya koma DNA, sannan su cusa wannan kwafin cikin DNA ɗin wanda suka kama. Ana kiran sinadarin ribas-tiranskiriftes, mu kira shi makwafin baya. Dangin da ke da shi kuwa su ne retirobairos.

A kan irin waɗannan ƙwayoyin Barré-Sinoussi ta yi digirinta, musamman waɗanda ke haddasa sankarar jini a jikin ɓeraye. A lokacin ba a taɓa samun retirobairos a jikin mutum ba, sai a 1980 Robert Gallo da abokan aikinsa a Amurka suka ba da rahoton na farko, HTLV-1. Ke nan ta kwashe wajen shekara goma tana auna makwafin baya a kan cutar da ba ta kashe kowa sai ɓera. Mai neman amfanin nan take zai iya cewa ɓata kuɗi ne. Amma ranar da aka kawo mata tsokar majinyaci, hannunta ya riga ya faɗa da awon, ta san yadda alamar gaskiya take, ta san yadda ta ƙarya take. Da tsohuwar zuma aka yi wannan maganin.

To, yaya aka yi aka gano ƙwayar?

A ranar 5 ga Yuni, 1981, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta wallafa rahoton samari biyar a birnin Los Angeles masu wani irin ciwon huhu da ba a saba ganinsa ba sai ga wanda garkuwar jikinsa ta rushe. Kafin ƙarshen 1982 an ga irin wannan a wurare da dama, har da masu karɓar ƙarin jini da jarirai. Hakan ya nuna akwai wani abu da ke bin jini, amma babu wanda ya gan shi.

A ƙarshen 1982 wasu likitocin Faris, cikinsu har da Willy Rozenbaum da Françoise Brun-Vézinet, suka tuntuɓi sashen Luc Montagnier a Pasteur, inda Chermann da Barré-Sinoussi ke aiki. Tambayarsu ita ce ko retirobairos ne ke yin wannan ɓarna. Aka yi wata dabara mai kyau a nan. Tunda cutar tana cinye fararen ƙwayoyin jini, neman ta a jikin wanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa kamar neman ɓarawo ne a gidan da ya gama kwashewa. Sai aka zaɓi majinyacin da ke matakin farko, wanda kaluluwa ce kawai ta kumbura masa a wuya. Ranar 3 ga Janairu, 1983, aka yanko ɗan yanki daga kaluluwar a asibitin Pitié-Salpêtrière aka kai Pasteur. Montagnier ya daddatsa shi ya sa ƙwayoyin a reno.

Aikin Barré-Sinoussi shi ne ta riƙa ɗibar ruwan da ke saman kwalbar duk bayan kwana uku ko huɗu tana neman alamar makwafin baya. Kafin watan ya ƙare alamar ta bayyana. Ana cikin murna sai ta fara raguwa, ƙwayoyin jinin da ke kwalbar kuma suka fara mutuwa. Da wani ne da ya ce renon ne ya lalace. Su kuwa suka nemo sababbin fararen ƙwayoyin jini na wani lafiyayye suka zuba, sai alamar ta dawo, sannan sababbin ma suka bi sahun na farko. Nan suka gane cewa baƙon ne ke kashe masu masaukinsa. Wannan ya bambanta shi da HTLV-1, wanda ke sa ƙwayoyin jini su yi ta yaɗuwa ba mutuwa. Da ta yi sakacin awo, ta bar kwalbar wata guda kafin ta duba, da ta tarar da komai ya mutu babu wata alama.

A watan Fabrairu Charles Dauguet ya ɗauki hoton ƙwayar da madubin lantarki tana ɓullowa daga jikin ƙwayar jini. Ranar 20 ga Mayu, 1983, mujallar Science ta buga sakamakon, sunan Barré-Sinoussi ne a farko. Suka raɗa wa ƙwayar suna LAV.

An ce an yi rigima tsakanin Faransa da Amurka a kan wannan. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ta daɗe. A 1984 ɗakin Gallo ya fitar da hujjoji masu ƙarfi cewa wata ƙwaya da ya kira HTLV-III ita ce sanadin ƙanjamau, Jay Levy a San Francisco ma ya ware tasa. Daga baya ta tabbata duk abu ɗaya ne, a 1986 wani kwamitin ƙasa da ƙasa ya tsayar da sunan HIV. Abin da ya zafafa lamarin shi ne haƙƙin mallakar gwajin jini, wanda aka fara amfani da shi a 1985, da kuɗin da ke biye da shi. Sai a 1987 Shugaba Ronald Reagan da Firaministan Faransa Jacques Chirac suka sanar da sulhu. A farkon shekarun 1990 bincike ya nuna cewa ƙwayar da aka yi gwajin Amurka da ita asalinta daga wani samfuri ne da Pasteur ta aika.

A ganina adalci shi ne a ba kowa nasa. Faransawa ne suka fara ware ƙwayar. Aikin Gallo na baya, musamman sinadarin da ke sa ƙwayoyin jini su rayu a kwalba, yana cikin abin da ya sa hakan ya yiwu, kuma hujjojinsa na 1984 sun rufe bakin masu shakka.

Ita kaɗai aka ba kyautar Nobel?

A'a. A 2008 an raba kyautar fannin lafiya gida biyu. Rabi ya tafi ga Bajamushe Harald zur Hausen, wanda ya nuna cewa bairos ɗin HPV ne ke jawo sankarar bakin mahaifa. Ɗaya rabin ita da Montagnier suka raba. Ba a sa Gallo ba, ba a sa malaminta Chermann ba. Labarin ya same ta ne tana Kambodiya wajen aiki.

Me HIV ke yi wa garkuwar jiki takamaimai?

Garkuwar jiki runduna ce mai sassa. Akwai 'yan gaba-dai-gaba-dai da ake haifar mutum da su, masu far wa duk wani baƙo ba tare da tambayar ko wane ne ba. Akwai kuma ƙwararru masu koyon kamannin abokin gaba su riƙe shi a ka: wasu suna ƙera sinadaran kariya da ake kira antibodi, wasu, wato ƙwayoyin CD8, suna bin duk ƙwayar jikin da cuta ta shiga su hallaka ta. A tsakiyar waɗannan duka akwai ƙwayoyin CD4, su ne masu ba da umarni da haɗa kan rundunar. HIV kuwa su take nema. Tana maƙale wa wani sinadari da ke jikinsu, wanda shi ne ake kira CD4, ta kama wata ƙofa ta biyu, galibi wadda ake kira CCR5, ta kutsa ciki.

A makonnin farko ƙwayar tana yaɗuwa kamar wutar daji, musamman a cikin hanji inda ƙwayoyin CD4 suka fi yawa. Mutum kan yi zazzaɓi, ciwon maƙogwaro ko ƙuraje, wani ma ba ya jin komai. Daga nan ƙwayoyin CD8 su taso su danne ta, mutum ya koma kamar lafiya lau, wani har shekara takwas ko goma. Da can an ɗauka ƙwayar barci take yi a wannan tsakanin. A 1995 binciken David Ho da na George Shaw ya nuna ba haka ba ne: yaƙi ake gwabzawa dare da rana, ana ƙera biliyoyin sababbin ƙwayoyin cutar kullum, jiki yana kashewa yana kuma maye gurbin dakarun da ya rasa, har ya gaji. Lafiyayyen mutum yana da ƙwayoyin CD4 tsakanin 500 zuwa 1,500 a kowane ɗigo mai girman maikirolita ɗaya na jini. Idan suka faɗo ƙasa da 200, an shiga matakin ƙanjamau, sai tarin fuka da sauran cututtukan da jiki ya saba kora su sami ƙofa a buɗe.

Akwai wata ɓarnar ta biyu da aka daɗe ba a ba ta muhimmanci ba. Garkuwar mai ɗauke da HIV tana zama a tsaye cikin shirin yaƙi ba hutu, ko da a wuraren da babu ƙwayar. Wannan tashin hankali na dindindin yana gajiyar da dakarun, yana kashe waɗanda cutar ba ta ma taɓa ba, yana kuma taɓa zuciya da jijiyoyin jini. Da yawa daga aikin da sashen Barré-Sinoussi ya yi bayan 1990 a kan wannan yake.

Bayan ta gano ƙwayar, me ta ci gaba da nema?

Ta juya tambayar. Maimakon a tsaya kan yadda ƙwayar ke cin nasara, sai ta koma neman wuraren da take shan kaye, don a koyi darasi daga gare su.

Na farko shi ne cikin mai juna biyu. Idan ba magani, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100 na jariran da iyayensu mata ke ɗauke da HIV suna kamuwa, kuma mafi yawansu a lokacin haihuwa ne ko shayarwa. Abin lura shi ne jariri yana wata tara a cikin uwar da jininta ke cike da ƙwayar, amma akasarinsu suna fitowa ba ta taɓa su ba. Akwai wani shinge a mabiyiya da bangon mahaifa, kuma sashenta ya shafe shekaru yana nazarin yadda garkuwar wurin ke aiki. Na biyu su ne mutanen da suka sha haɗuwa da ƙwayar ba su kamu ba. A Biyetnam abokan aikinta sun bibiyi masu allurar miyagun ƙwayoyi da suka daɗe suna musayar sirinji da masu cutar amma gwajinsu bai nuna komai ba, suka tarar da wasu dakarun gaba-dai-gaba-dai da ake kira NK sun fi kuzari a jikinsu. Na uku da na huɗu sun cancanci tambayarsu daban.

Da gaske akwai waɗanda jikinsu ke danne HIV ba tare da magani ba?

Akwai, amma ba su kai mutum ɗaya cikin 100 na masu ɗauke da ƙwayar ba. Suna da ita, gwaji yana nunawa, amma shekara da shekaru yawanta a jininsu bai kai wanda na'ura ke iya ƙirgawa ba. Da yawansu sun gaji wasu nau'o'in ƙwayoyin gado, irin su HLA-B57 da HLA-B27, waɗanda ke sa ƙwayar jikin da cuta ta shiga ta ɗaga tuta mai kyau da dakarun CD8 za su gani da wuri. A 2007 Asier Sáez-Cirión da abokan aikinsa a sashenta suka nuna cewa idan aka ɗebo CD8 ɗin waɗannan mutane aka haɗa da ƙwayoyin da suka kamu a kwalba, nan take suke murƙushe cutar ba tare da an zaburar da su ba.

A 2013 kuma aka wallafa labarin wasu mutum 14 a Faransa, a wani bincike da ake kira VISCONTI. Su ba su da wannan gadon. Abin da ya haɗa su shi ne sun fara shan magani cikin makonnin farko da kamuwa, suka sha na wajen shekara uku, suka daina, kuma ƙwayar ba ta sake tasowa ba tsawon shekaru. Wannan ya ƙarfafa fahimtar cewa fara magani da wuri yana ceton garkuwar kafin a lalata ta.

A nan dole in ja kunne da babbar murya. Ga kusan kowa, barin magani yana nufin ƙwayar za ta dawo cikin makonni biyu zuwa huɗu, wani lokacin ma ta dawo ta daina jin maganin. Kada labarin mutum 14 ya sa wani ya ajiye maganinsa.

Me ya kawo birai cikin maganar?

Daga wurinsu ƙwayar ta fito. Birai iri-iri a Afirka suna ɗauke da 'yar'uwarta mai suna SIV. HIV-1, wadda ta game duniya, ta tsallako ne daga birin cimfanzi na kudu maso gabashin Kamaru a farkon ƙarni na 20, mai yiwuwa ta hanyar jinin farauta, ta kuma sami wurin yaɗuwa a Kinshasa wajen shekarun 1920. HIV-2, wadda aka ware a Pasteur a 1986 daga majinyatan Afirka ta Yamma, daga wani birin daban ta zo, kuma ta fi sanyin ɓarna.

Abin da ya ɗauki hankalin masana shi ne wasu daga cikin waɗannan birai, irin su koren birin Afirka, jininsu cike yake da ƙwayar amma ba sa yin ƙanjamau. Michaela Müller-Trutwin, wadda ta yi aiki a sashen Barré-Sinoussi, ta nuna cewa garkuwarsu tana tashi da ƙarfi a farkon kamuwa kamar ta kowa, sannan cikin 'yan makonni ta lafa. Ba ta zama a tsaye tana cin kanta. Daga baya aka gano cewa dakarun NK ɗinsu suna shiga can cikin kaluluwa su hana ƙwayar yin sansani, wurin da a jikin mutum ya zame mata maɓoya. Darasin da ke nan ya ba ni mamaki ranar da na fara fahimtarsa: ashe wani ɓangare na cutar daga martanin jikin ne da ya ƙi tsayawa.

Tunda akwai magani mai ƙarfi, me ya hana a warke gaba ɗaya?

Maganin farko, AZT, ya fito a 1987, amma shi kaɗai ƙwayar kan saba da shi cikin watanni. A 1996, a babban taron ƙanjamau na Vancouver a Kanada, aka nuna cewa haɗa magunguna uku yana danne ta har ta ɓace daga awo. Mutanen da aka fid da rai da su suka miƙe suka koma aiki. Yau mai shan magani yadda ya kamata yana iya yin tsawon rai kusan kamar kowa, kuma manyan bincike, tun daga HPTN 052 na 2011, sun tabbatar cewa wanda ƙwayar ta daina nunawa a jininsa ba ya sa wa abokin kwanciyarsa.

Matsalar ita ce wancan kwafin da makwafin baya ya yi. Da zarar ya shiga DNA ɗin mutum ya zama ɗan gida. Wasu ƙwayoyin CD4 da suka kamu sukan kwanta barci da shi a cikinsu, ba sa ƙera komai, don haka magani ba ya ganinsu, garkuwa ma ba ta ganinsu. A 1997 aka tabbatar da wannan maɓoya a jikin masu shan magani. Lissafin ɗakin Robert Siliciano ya nuna sai an yi wata 44 kafin rabinta ya ƙare, ke nan mutum zai sha magani sama da shekara 70 kafin ta ƙare da kanta. Wannan ne ya sa Barré-Sinoussi, wadda ta shugabanci Ƙungiyar Ƙanjamau ta Duniya daga 2012 zuwa 2014, ta tara masana don tsara dabarar neman waraka, a lokacin da da yawa ke tsoron furta kalmar ma. Ita kanta ta fi son a ce lafawar cuta mai ɗorewa, wato mutum ya rayu ba magani kuma ba ya sa wa kowa, ko da ragowar ƙwayar na nan.

Amma ai an ce an warkar da wasu?

An warkar, 'yan ƙalilan. Na farko shi ne Timothy Ray Brown, Ba'amurke mazaunin Balin, wanda ke da HIV kuma ya kamu da sankarar jini. A 2007 likitansa Gero Hütter ya yi masa dashen ɓargo daga wani mutum da ya gaji wata tawaya da ta toshe ƙofar CCR5, abin da ake samu a wajen mutum ɗaya cikin 100 na mutanen arewacin Turai. Ya daina magani, ƙwayar ba ta dawo ba har sankarar ta yi ajalinsa a 2020. A 2019 aka sanar da na biyu a Landan, wasu kaɗan suka biyo baya. Dashen ɓargo aiki ne mai haɗarin rai, ana yin sa ne kawai ga wanda ciwon daji ya tilasta. Amfaninsa shi ne ya nuna waraka abu ne mai yiwuwa.

Me ya sa har yanzu babu allurar rigakafi, alhali ta korona ba ta ɗauki shekara ba?

Domin a korona akwai abin kwaikwayo: yawancin waɗanda suka kamu jikinsu yana kore ta, aikin allura shi ne ta koya wa jiki abin da ya riga ya iya. A HIV babu wannan. Makwafin baya mai yawan kuskure ne, kusan duk kwafin da ya yi sai an sami ɗan canji, don haka a jikin mutum ɗaya ma ana samun nau'o'i barkatai. Kafin antibodi ya gama koyon fuskar yau, ƙwayar ta sauya ta gobe. Ga shi ta lulluɓe ƙahonninta da sinadaran sukari irin na jikin mutum, kamar kura da fatar akuya. Ga shi kuma cikin kwanaki kaɗan da shiga take kafa maɓoyarta, allura ba ta da lokacin yin latti.

An gwada ba sau ɗaya ba. Gwajin STEP an dakatar da shi a 2007. Na Tailan, RV144, mai 'yan sa-kai sama da 16,000, ya ba da kariyar kashi 31 cikin 100 a 2009, ita ce kaɗai alamar nasara. Da aka gyara shi aka maimaita a Afirka ta Kudu bai yi aiki ba, aka tsayar a 2020. Gwajin Imbokodo ma ya gaza a 2021, na Mosaico a 2023. Fatan da ake da shi yanzu yana kan wasu antibodi na musamman da jikin wasu 'yan tsiraru ke ƙerawa bayan shekaru da kamuwa, masu iya kama nau'o'in ƙwayar da yawa lokaci guda. Ana neman yadda za a bi da garkuwar lafiyayyen mutum mataki-mataki har ta ƙera irinsu.

Me ya kai ta Afirka da Asiya, ita da aikinta na ɗakin gwaji ne?

Ta fara zuwa Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 1985, ta je Biyetnam a 1988. Abin da ta gani na ƙarancin kayan aiki da yawan majinyata ya sauya mata tunani. Daga nan ta ƙulla aiki mai ɗorewa da cibiyoyin bincike a Kamaru, Kambodiya, Biyetnam da wasu ƙasashen, ana horar da masana 'yan ƙasa, ana inganta gwaji, ana neman hanyar kare jarirai da kula da masu haɗa HIV da tarin fuka. Wannan shi ne daidai, domin kusan kashi biyu cikin uku na masu ɗauke da ƙwayar a Afirka kudu da Sahara suke, kuma nau'o'in da ke yawo a can sun bambanta da wanda aka fi nazari a Turai da Amurka.

Kusancinta da majinyata ya yi mata tsada. A shekarun farko marasa lafiya kan zo har Pasteur suna tambayar yaushe magani zai fito, ba ta da abin ba su, da yawa sun zama abokanta kuma ta ga mutuwarsu. Ta sha faɗa a hirarraki cewa a 1996, daidai lokacin da magani ya samu, ta faɗa cikin ciwon damuwa har ta janye daga jama'a na wani lokaci. Da ta dawo ba ta rage murya ba. A 2009, bayan Paparoma Benedict na 16 ya ce a kan hanyarsa ta zuwa Kamaru kwaroron roba na iya ƙara tsananta matsalar, tana cikin waɗanda suka rubuta masa buɗaɗɗiyar wasiƙa suna kawo hujjar bincike.

Ina aka kwana yanzu?

Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2024 ta nuna mutum wajen miliyan 40 ke ɗauke da HIV, sama da miliyan 30 suna kan magani. Duk da haka a 2024 mutum miliyan 1.3 sun kamu, wajen 630,000 sun mutu. A shekarar 2024 ɗin ce gwajin da aka yi da 'yan mata da matasan mata a Afirka ta Kudu da Yuganda ya nuna cewa allurar lenakapabir, sau biyu a shekara, ta kare duk waɗanda aka yi wa. Magani ne na kariya da ake maimaitawa, bai zama rigakafin da ke koya wa garkuwa ba, kuma amfaninsa ya rataya ne a kan farashi da isarsa ga masu buƙata.

Barré-Sinoussi ta bar ɗakin gwaji, amma a 2017 ta zama shugabar Sidaction, ƙungiyar da ke tara kuɗin bincike da tallafin majinyata a Faransa. Tsofaffin abokan aikinta a Pasteur suna nan suna bin tambayoyin da ta bari: yadda za a tashi ƙwayoyin da ke barci a kashe su, ko a kulle su har abada, da yadda za a mayar da garkuwar kowa irin ta waɗancan 'yan tsiraru. Hanya ɗaya ce ake tabbatar da ko wata dabara ta yi aiki. 'Yan sa-kai masu ɗauke da ƙwayar, waɗanda ke zaune lafiya a kan maganinsu, su yarda su dakatar da shi a ƙarƙashin kulawar likitoci. Ana ɗibar jininsu duk mako ko mako biyu, da zarar ƙwayar ta ɗago kai a mayar da su kan magani, a rubuta kwana nawa jikin ya riƙe.